Kyamara ba ta gama fim: yadda ake tallafa wa shirin talabijin na Katolika har ya kai gaban mai kallo

A aljihun teburina akwai wani baƙin faifan ajiya na kwamfuta, bai fi tafin hannu ba, da farar takarda a manne wadda rubutunta ya fara dushewa. Hoton bidiyo ne a ciki na sama da awa 30. Wani tsohon katikis ne, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa yana shirya mutane domin baftisma. Mun ɗauke shi yana koyarwa, mun ɗauke shi yana dogara sandarsa, mun ɗauki yatsunsa suna bin ƙwayoyin rosari da suka goge har suna sheƙi. Akwai inda na ce masa, “Baba, ga gwiwa tana damunka, me zai hana ka rusuna kawai in ka zo gaban akwatin da ake ajiye Jikin Kristi? Dole sai ka kai ƙasa?” Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can ya ɗago ya ce, “Ɗana, in mai gida yana ciki, ai ba a wuce ƙofarsa a tsaye.”

Baba ya rasu bai ga shirin ba. Shekaru suka shuɗe, ban da ni da mai ɗaukar hoto babu wanda ya ji wannan magana. Kuma ba wanda ya ci kuɗin kowa. Jama'a sun ba da gudummawa da zuciya ɗaya, aka yi hayar kyamara mai kyau, aka biya kuɗin tafiya, aka yi kwana 11 ana ɗauka. Ranar da aka naɗe wayoyi aka mayar da kyamara ga mai ita, ranar asusu ya ƙare ƙaf. Ba a yi lissafin wanda zai zauna wata uku yana tacewa ba, ba a yi na gyaran sauti ba, ba a yi na izinin kiɗa ba, balle kuɗin lokacin da tasha za ta nuna shi. Ni da na ɗaga hannu na ce zan tace kyauta da dare in na tashi daga aiki, mako biyu na yi na gaji. Laifin har da nawa.

Tace hoto ce sana'ata, kuma na daɗe ina ba da hannu ga masu shirya dokumentari na Ikilisiya, wato shirin da ake ɗauka daga rayuwa ta gaske, ba wasan kwaikwayo ba. Abin da na gani a tsawon wannan lokaci shi ne, kowa yana son kuɗinsa ya sayi kyamara, amma yawancin shirye-shiryen nan ba a wajen ɗauka suke mutuwa ba. A ɗakin tacewa suke mutuwa, ko kuma a gama su su kwanta a aljihun tebur. In kana da niyyar taimakawa, can za ka kai hannunka.

Kada ka ɗauki mai neman irin wannan tallafi kamar maroƙi, domin Ikilisiya da kanta ta ɗora mana wannan nauyi. Ranar 4 ga Disamba 1963 Majalisar Vatikan ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika na duniya, ta fitar da dokarta a kan kafafen sadarwa, wadda ake kira Inter Mirifica. A sakin layi na 17 ta ce bai kamata 'ya'yan Ikilisiya su naɗe hannu suna kallo tsadar kayan aiki tana toshe wa saƙon ceto hanya ba, ta kuma ce wajibi ne su riƙe jaridu da fina-finai da tashoshin rediyo da talabijin na Katolika. A na 18 ta nemi a keɓe rana ɗaya kowace shekara domin addu'a da baiko saboda wannan aiki. Ita ce Ranar Sadarwa ta Duniya, wadda aka fara a 1967 zamanin Paparoma Bulus na 6, kuma a yawancin ƙasashe Lahadin da ke zuwa kafin idin Fentikos ce. Tun kafin nan ma Paparoma Pius na 11 ya buɗe Rediyon Vatikan a 1931, Guglielmo Marconi ne ya gina masa tashar. Cibiyar talabijin ta Vatikan kuwa ta zo a 1983, zamanin Paparoma Yohanna Bulus na 2.

Tambaya ta farko: wa ke bayan aikin?

Wani saurayi ya taɓa zuwa wurinmu bayan Misa da gajeren bidiyo a wayarsa, minti biyu, ga manyan majami'u an ɗauko su daga sama, ga kiɗa mai tayar da tsikar jiki. Ya ce somin-taɓi ne na shirin da yake haɗawa. Mutane suka fara laluben aljihu. Ni kuwa idona ya saba, na ga launin hoton yana sauyawa daga wannan yanki zuwa wancan, na gane ɗinki ne daga aikin mutane daban-daban. Na ce masa, “Ɗan'uwa, nuna mana minti ɗaya da kai ka ɗauka da hannunka.” Babu. Ban ce ɓarawo ne ba, wataƙila buri ne ya yi masa yawa. Amma buri ba ya tace fim.

Abu biyu za ka nema. Na ɗaya, aikin da mutumin ya taɓa gamawa, ko da na minti biyar ne, wanda ya fito mutane suka gani. Wanda ya taɓa kai ƙaramin shiri ƙarshe ya fi mai babban mafarki da bai taɓa rufe ko ɗaya ba. Na biyu, takardar bishop. Kundin dokokin Ikilisiya na 1983 bai bar wannan a duhu ba. Doka ta 216 ta ce babu wani aiki da zai laƙaba wa kansa sunan Katolika sai da yardar hukumar Ikilisiya. Doka ta 1265 ta hana mutum ya tashi da kansa yana tara kuɗi da sunan wani aikin Ikilisiya ba tare da rubutaccen izini ba. Saboda haka in ka ce a nuna maka takarda ba raini ka yi ba. Mai gaskiya yakan ji daɗin tambayar ma, don ta ba shi damar nuna abin da ya riƙe. In shirin na babbar tasha ne da aka sani, to wannan mataki ya zo da sauƙi, sai dai ka tabbata hanyar da za ka tura kuɗin tasu ce da gaske, ba lambar da wani ya turo maka a WhatsApp ba.

Sa'an nan ka ce a ba ka kasafin kuɗi, a rubuce

Nan zan daɗe, domin nan aka kayar da mu.

Dokumentari yana da zango huɗu: bincike da rubutu, ɗauka, tacewa, sai kai shi gaban mutane. In aka miƙo maka takarda ka ga kusan duk kuɗin yana kan kyamara da fitilu da jirgin ɗaukar hoto daga sama da tafiye-tafiye, tacewa kuwa layi ɗaya ce a can ƙasa, ko ma an rubuta “za a yi kyauta”, to ka san abin da ya same mu shi zai same su. A nawa lissafin, abin da ke bayan ranar ƙarshe ta ɗauka bai kamata ya gaza rabin kasafin ba.

Ga abin da mai tacewa yake yi, don ka san me kake biya. Zai kalli duk abin da aka ɗauko, awa 30 ɗin nan, daga farko har ƙarshe, ba sau ɗaya ba. Sai a rubuta duk maganar da aka yi kalma bayan kalma, da lokacin da aka faɗe ta, kuma awa ɗaya ta hira takan ci wa mai rubutu awa huɗu ko biyar. Daga nan a zaɓi abin da zai shiga, a jera, a rushe, a sake jerawa, har labari ya tsaya da ƙafarsa. Sai gyaran launi, don kada fuskar Fada ta zama ja a wannan wuri ta koma toka a wancan. Sai sauti, wanda shi ne rabin fim ko da yake ba wanda yake tunawa da shi. Majami'a wuri ne mai amsa kuwwa, in ba a maƙala wa mai magana ƙaramin makirufo a riga ba, muryarsa za ta fito kamar daga cikin rijiya. Mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma in bai ji abin da ake faɗa ba, minti biyu ya sauya tasha. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya da zan saya wa ƙaramar ƙungiyar masu shiri, makirufo zan saya, in biya wanda ya iya riƙe shi.

Akwai kuma kuɗin izini, wanda shi ne yake shammatar sababbin shiga. Waƙar da mawaƙan coci suke rerawa tana iya kasancewa da mai ita. Tsohon hoton bidiyo na wani Paparoma ba a tsintarsa a intanet a manna, akwai masu haƙƙinsa, sai an nema. Zanen da ke gidan adana kayan tarihi shi ma haka. Don ka ga girman abin: lokacin da aka wanke zane-zanen Michelangelo a ɗakin sujada na Sistina da ke Vatikan, inda ake zaɓen Paparoma, aikin da aka yi daga 1980 zuwa 1994, wani gidan talabijin na Japan mai suna Nippon Television ne ya zuba kuɗin, a madadin haka aka ba shi shi kaɗai ikon ɗaukar hoton aikin na wasu shekaru. To in rufin ɗakin da ake zaɓen Paparoma yana da irin wannan ƙa'ida, ina ga waƙar wani? Tasha mai mutunci ba za ta nuna shirin da ba a warware izininsa ba, YouTube kuma yana iya toshe shi ko ya kashe masa sauti. Duba ko akwai layin izini a kasafin. In babu, tambaya.

In ka gamsu, ɗaure kuɗinka da igiya. Rubuta a takarda ko a saƙon da ka tura cewa wannan domin tacewa ne, ko domin fassara, ko domin sayen lokaci a tasha. Doka ta 1267 ta ce baikon da masu bi suka bayar domin wani abu takamaimai ba a karkatar da shi ga wani abu dabam. In kuɗin da yawa ne, ko na ƙungiya ne, kada a ba da shi dunƙule. Raba shi uku: kashi ɗaya in an fara, kashi ɗaya in an nuna muku tacewar farko, na ƙarshe in tasha ta ba da rana. Wannan ba rashin amana ba ne. Kariya ce ga mai shirin ma, domin ranar ɗauka kullum akwai abin da zai taso, kuma in kuɗin tacewa yana aljihunsa zai taɓa shi yana cewa zai mayar. Ni na san yadda ake cewa za a mayar.

Kaɗan mai zuwa kowane wata

Babbar kyauta sau ɗaya tana da daɗin sanarwa. Amma mai tasha ba zai iya ɗaukar ma'aikaci a kanta ba, don bai san ko baɗi za ta sake zuwa ba. Ƙaramin abu da yake shigowa kowane wata shi ake iya shirya aiki a kai.

Wadda ta fi kowa gane wannan ita ce Uwa Anjelika, sistar nan ta Amurka da ta buɗe tashar EWTN ranar 15 ga Agusta 1981 a Irondale, jihar Alabama, a garejin gidan sistocinsu. Da awa huɗu a rana ta fara. Abin da takan roƙi masu kallo shi ne su sa tashar tsakanin takardar kuɗin gas da ta kuɗin wuta, wato su mayar da ita cikin abin da gida yake biya duk wata. Kafin rasuwarta ranar Ista ta 2016 tashar ta kai ƙasashe da dama na duniya. KTO ta Faransa, wadda aka kafa a 1999, ita ma da gudummawar masu kallo take rayuwa. Salt + Light ta Kanada, da ta taso a 2003 bayan taron matasan Katolika na duniya da aka yi a Toronto a 2002, haka. Irin waɗannan tashoshi ba talla ce ke riƙe da su ba.

To ka zaɓi adadin da ba zai sa ka yi da-na-sani a wata mai wuya ba, ka ba banki umarni ya riƙa cirewa da kansa, ka manta da shi. In za ka tsaya, ka sanar da su tun da wuri. Ranar Sadarwa ta Duniya kuma in an zaga da baiko, ka tambayi Fada cikin ladabi ina yake tafiya. A Amurka, alal misali, rabin baikon sadarwa yana zama a dayosis ɗin da aka tara shi, wato yankin da bishop ɗaya yake kula da shi, rabi ya tafi aikin ƙasa baki ɗaya. Kowace ƙasa da tsarin bishop-bishop ɗinta, kuma doka ta 1287 ta ce masu riƙe da dukiyar Ikilisiya su yi wa masu bi bayanin abin da suka bayar.

Kalma ɗaya tana iya rushe awa ɗaya

An taɓa kawo mini wani shiri na ƙasar waje a kan Budurwa Maryamu, an sa masa murya da harshenmu, aka ce in daidaita sautin kawai. Ina cikin aiki sai na ji mai karatu ya ce, da murya mai daɗi kuwa, “Shi ya sa Katolika suke bauta wa Maryamu.” Na tsayar, na mayar baya, na sake ji. Haka ya ce. Mai fassarar ya iya harsunan biyu sarai, katikisim, wato koyarwar bangaskiyar Katolika, shi ne bai sani ba. A wurinsa girmamawa da bauta duk tafiyarsu ɗaya. A wurinmu kuwa tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa: bauta ta Allah ce shi kaɗai, Maryamu da tsarkaka girmama su muke yi muna roƙon addu'arsu. Tun a shekara ta 787 Majalisar Nikiya ta biyu ta raba waɗannan biyu da take maganar siffofi. Da wannan layi ya fita a talabijin, da mun sa hannu da kanmu a kan zargin da muka daɗe muna musawa.

Saboda haka tambayi masu shirin wa zai duba koyarwar. A sami Fada ko sista ko malamin tauhidi da zai karanta rubutun kafin a ɗauka, ya kuma kalli tacewar kafin a rufe, da Katikisim na Ikilisiyar Katolika na 1992 a gefensa. In fassara ce, a sami na biyu wanda ya tashi cikin harshen kuma ya san kalmomin da ake addu'a da su. Wannan ƙaramin kuɗi ne, sau da yawa ma na mota ne da na buga takardu, amma ban taɓa ganin wanda ya ce shi zai ɗauki nauyinsa ba.

Fassara kuwa, a ganina, ita ce hanya mafi arha ta samun babban shiri. An riga an kashe kuɗi an zaga duniya an ɗauko. Jerin nan mai kashi 10 da Fada Robert Barron, wanda yanzu bishop ne, ya fitar a 2011 mai suna Catholicism, an ɗauke shi a ƙasashe fiye da goma da kuɗin masu ba da gudummawa, har tashoshin PBS na Amurka, waɗanda ba na addini ba ne, suka nuna wani ɓangarensa. Irin wannan ba sai an sake ɗauka ba. Abin da ya rage shi ne mai jin wani harshe ya ji shi. Amma a rubuta wa masu shirin a nemi izini tukuna, kada a ɗora murya a kan aikin mutane a ce ai na Allah ne. Kuma in ana da hali a sa murya, ba rubutu a ƙasan hoto kaɗai ba. Tsohuwar da idonta ya raunana, da yaron da bai iya karatu da sauri ba, rubutu ba ya kai musu.

Wane irin shiri ya cancanci kuɗinka?

Nan ra'ayina ne, kana iya saɓa mini. Ba na ba da ko kaɗan ga shirin da yake wa'azi ne kawai aka kafa wa kyamara. Wa'azi yana da wurinsa, kuma akwai masu baiwar riƙe mai kallo da baki kaɗai. Bishop Fulton Sheen ya yi haka a Amurka a shekarun 1950, daga shi sai allo da alli, miliyoyi suna kallonsa har ya ci kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin. Amma irinsa ba su da yawa, kuma dokumentari aikinsa nunawa ne. Gani ya kori ji. Kada ka gaya mini Ikilisiya tana kula da marasa lafiya, nuna mini sista tana wanke gyambo da ƙarfe uku na dare. Kada ka karanta mini ma'anar Yukaris, wato Jikin Kristi, bar ni in ga tsoho yana kai gwiwa mai ciwo ƙasa.

Ina kuma duba yadda shirin yake maganar waɗanda ba mu ba. Talabijin ba ta tambayar addinin mai kallo kafin ta shiga ɗakinsa. A 1965 Majalisar Vatikan ta Biyu, a takardarta Nostra Aetate, ta ce Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa, ta kuma yi tir da wulaƙanta mutum saboda addininsa. Shirin da ba zai iya bayyana bangaskiyarmu ba sai ya taka wani, ba da kuɗina ba. Gwajina mai sauƙi ne: zan iya kallonsa tare da maƙwabcina wanda ba Katolika ba, ba tare da na riƙa satar kallon fuskarsa ba? Haka kuma shirin da ya mayar da tarihin Ikilisiya kamar ba a taɓa yin kuskure a cikinsa ba, mai kallo mai hankali ba zai yarda da sauran abin da ya faɗa ba.

In ba ka da kuɗi, akwai aiki. Rubuta hirarraki, wanda na ce yana cin awanni, kowa mai kunne da haƙuri zai iya. Tsofaffin hotuna na baftisma da aure da naɗin Fada da ke cikin akwatunan iyaye, su ne zinariyar mai tacewa, a ba da aronsu a ɗauki kwafi. Wani ya san tsohuwar da ta san labarin yadda aka gina majami'ar farko, ya kai masu shirin wurinta ya zauna tare da su don ta saki jiki. Wani lauya ne, ya duba takardar amincewa da kowane mai magana zai sa wa hannu, musamman in akwai yara a ciki, wanda dole sai iyaye sun yarda.

Bayan an gama

Shirin da aka gama ba a gani ba, da wanda ba a gama ba, duk ɗaya ne. Wani lokaci tasha takan karɓa kyauta in shirin ya yi kyau, wani lokaci sai an sayi lokaci. In sayen za a yi, gara rabin awa a lokacin da iyali suke zaune da awa biyu da tsakar dare. Masu sana'a a cikinmu suna iya ɗaukar nauyin wannan a ambaci sunansu a farko da ƙarshe, amma kada a yanka tsakiyar shirin da talla.

In an nuna, rubuta wa tashar. Mutane ba su san ƙarfin wannan ba. Mai tsara shirye-shirye a tasha ƙorafi yake samu kullum, yabo kuwa sai jefi-jefi, saboda haka wasiƙa biyar masu hankali suna iya sa a maimaita shiri. Kada ku kwafi kalmomi iri ɗaya ku tura ku hamsin, za a gane. Kowa ya faɗi sunan shirin, ranar da ya gani, abu ɗaya da ya tsaya masa a rai, ya roƙi a sake nunawa. Layi huɗu ya isa.

In a intanet yake, kalle shi a shafin masu shi, har ƙarshe, ka tura wa mutane adireshinsa. Kada ka sauke shi ka riƙa rarraba fayil ɗin. Na san da kyakkyawar niyya ake yi, amma duk wanda ya kalla ta wannan hanya ba ya shiga lissafi, kuma da wannan lissafi mai shirin zai je gaban masu tallafi ya nemi kuɗin shiri na gaba. Inda intanet ke da wuya, a tambayi masu shirin, da yawansu za su ba da kwafi da izinin nunawa ga jama'a in an nema.

Nunawa a zauren coci kuwa ya fi duk waɗannan daɗi, in an shirya. A gwada majigi da lasifika tun da rana, a zauna a kujerar ƙarshe a ji ko magana tana kaiwa. Kada a wuce minti 30 ko 40 a zama ɗaya, in shirin dogo ne a raba shi mako-mako. A bar lokacin tambaya, a kuma sa wanda zai iya amsawa ya zauna, domin shiri mai kyau tambayoyi yake tayarwa. Na ga zaman da aka kashe majigi aka ce a tashi a yi addu'ar rufewa nan take, ga wani saurayi da hannu a sama, ba wanda ya kula shi. Bai dawo mako na biyu ba.

Masu wannan aiki suna da waliyyiyarsu, in kana son sa su a addu'a. A 1958 Paparoma Pius na 12 ya ba talabijin Tsarkakakkiya Kilara ta Asisi ta zama mai roƙo dominta, saboda labarin da ke cewa wata Kirsimeti ciwo ya hana ta zuwa Misa, sai ta ga Misar ta kuma ji ta daga kan gadonta. Uwa Anjelika ma daga zuriyar sistocin Kilara ta fito.

Abu na ƙarshe da zan ce ka tambaya, wanda ba ya cikin kowane kasafi da na taɓa gani: ina za a ajiye abin da aka ɗauko? Faifai yana mutuwa ba sallama. A yi kwafi uku, kada a tara su a gini ɗaya, ɗaya ya tafi ofishin sadarwa na dayosis da takarda mai bayanin abin da ke ciki, kuma a riƙa kunna su lokaci-lokaci ana dubawa. Mu kwafi ɗaya tak muka yi, Allah ne kawai ya tsare.

Bara na ciro faifan nan na jona shi, gabana yana faɗuwa, ya yi ƙara kaɗan sa'an nan ya buɗe. A daren na yi masa kwafi biyu. Wata malama da ta yi ritaya ta karɓi rubuta hirar, tana yin awa ɗaya a mako, ta ce Baba ne ya koya mata katikisim. Mutum uku suna haɗa kuɗi duk wata ana biyan wani yaro mai tacewa yini ɗaya a mako, don na daina yaudarar kaina da aikin dare. Fada ya karanta rubutun ya gyara wuri biyu. Mun kai minti na 19. Maganar mai gida da ƙofarsa tana minti na 14, kuma shirun nan da Baba ya yi kafin ya amsa, daƙiƙa 11 ne, yaron ya so ya rage shi, na ce ya bar shi yadda yake.